Waiwaye: Yadda Newmarket ta tashi daga kasuwar ƙauye ta zama gidan tseren dawaki

Baƙon da ya sauka Newmarket da sanyin safiya, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne fitilar ba da hannu. A wasu mararrabar garin maɓallin tsayar da motoci biyu ne, ɗaya a ƙasa daidai hannun mai tafiya a ƙafa, ɗaya can sama inda wanda ke kan sirdi zai latsa ba sai ya sauko ba. Motoci su ja layi, dawaki su ƙetare ayari-ayari. Garin yana gundumar Suffolk a gabashin Ingila, tafiyar kamar kilomita 100 daga Landan. Mutanensa ba su kai 20,000 ba, amma dawakin da ake horarwa a cikinsa sun kai wajen 3,000. Makeken filin ciyawar da ya kewaye shi ma, daga asuba har ƙarfe ɗaya na rana na dawaki ne, sai bayan nan ake barin jama'a su shiga yawo.

Tseren dawaki a Ingila iri biyu ne. Akwai wanda ake gitta shingaye doki ya riƙa tsallakewa, wanda aka fi yi da hunturu. Akwai kuma na shimfiɗaɗɗen fili, babu shinge babu rami, sukuwa ce zalla daga mafari har iyaka. Wannan na biyun shi ne na manyan kuɗi, kuma Newmarket ce cibiyarsa.

Sunan garin da kansa "sabuwar kasuwa" yake nufi. Wajen shekarar 1200 aka ba da izinin kafa kasuwa a bakin wata tsohuwar hanyar fatake kusa da ƙauyen Exning, mutane suka taru, gari ya kafu. Shekara ɗari huɗu yana nan a haka, masauƙin matafiya. Arzikinsa ashe yana ƙarƙashin ƙafa: ƙasar wurin mai alli ce, ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, ciyawa kuma tana yin taushi ba tare da taɓo ba. Sarki James na Ɗaya ne ya fara lura da filin a 1605, shi kuwa farautar zomo ta kai shi. Ya gina masauƙi, fadawa suka biyo shi, kuma inda masu dawaki suka taru ba a rasa gardamar na wa ya fi gudu. Tsere na farko da aka rubuta a garin an yi shi a 1622, tsakanin dokin Lord Salisbury da na Buckingham, a kan fam 100. Tun ranar farko ke nan kuɗi na ajiye a gefe.

Jikan James, wato Charles na Biyu, shi ya mai da abin al'ada. Sau biyu a shekara yakan kwaso fada ɗungurungum ya tare a Newmarket. Shi ya kafa gasar Town Plate, wadda aka fara a 1666, ya ce a riƙa yin ta har abada, kuma har yau ana yi. A 1671 da kansa ya hau ya ci ta. Yana da wani ingarma da ake kira Old Rowley, mutane suka laƙaba wa sarkin sunan a bayan idonsa saboda yawan 'ya'yan da ya haifa a waje, daga nan babban filin tseren garin ya samo sunan Rowley Mile. Garin ma ya taɓa ceton ransa. A watan Maris na 1683 gobara ta ci wani sashe na Newmarket, sarki ya koma Landan kafin ranar da aka tsara, waɗanda suka shirya yi masa kwanton ɓauna a Rye House, wani gida a kan hanyar Landan, suka wayi gari ya riga ya wuce.

Abin da ya ɗaga Newmarket sama da sauran filaye kuwa ya zo ne bayan sarakunan, kuma caca ce ta haife shi. Attajiran ƙarni na 18 suna zuba dukiyar da za ta sayi gona a kan sukuwar minti kaɗan. Inda kuɗi ya kai haka, maguɗi ba ya nisa: a ba mahayi toshiya ya danne linzami, a yi ƙarya a shekarun doki, a kawo wani dokin da sunan wani. Wajen 1750 wasu manyan masu dawaki suka kafa ƙungiyar Jockey Club, a 1752 suka kama wuri a Newmarket suka gina ɗakin shan gahawa. Daga wannan ɗaki dokoki suka fara fita. A 1758 aka ce dole mahayi ya hau ma'auni bayan tsere, don a tabbatar bai zubar da nauyi a hanya ba. A 1762 aka ce kowane mai doki ya yi rajistar launin rigar mahayinsa, don alƙali ya gane wa ya riga wa. Riguna masu walƙiya da ake gani a yau, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne, asalinsu rashin yarda ne.

Ƙarfin ƙungiyar ya fito fili a 1791. Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama George na Huɗu, yana da doki mai suna Escape. Ranar farko dokin ya sha kaye a tseren da kowa ya ɗauka nasa ne, washegari kuma, da 'yan caca suka raina shi har ribar mai zuba kuɗi a kansa ta ƙaru, ya zo ya yi nasara. Aka zargi mahayinsa, Sam Chifney. Sir Charles Bunbury, wanda ke jan ragamar ƙungiyar, ya sanar da yariman cewa muddin Chifney ne zai ci gaba da hawa masa, babu wani mai mutunci da zai sake tsere da shi. Yarima ya yi fushi ya bar Newmarket, bai ƙara komawa ba, ƙungiyar kuwa ba ta lanƙwasa ba. Ga talaka hukuncin ya fi haka tsanani: a 1812 an rataye wani Daniel Dawson a Cambridge saboda zuba guba a kwamin shan ruwan dawaki a Newmarket. Sannu a hankali ƙungiyar ta saye filin ciyawar, ta sami ikon korar duk wanda ta ga dama daga cikinsa, kuma wanda aka kora daga nan an kore shi ke nan daga sana'ar gaba ɗaya.

Sai maganar asali, wadda Bahaushe mai doki zai fi jin daɗinta. Duk dokin tsere na jinsin da Turawa ke kira Thoroughbred, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, a ɗayan ingarmu uku take tuƙewa, kuma duka ukun daga ƙasashen Musulmi suka fito. Akwai Byerley Turk, wanda wani hafsan soja ya mallaka a shekarun 1680. Akwai Darley Arabian, wanda Thomas Darley ya saya a Halab ta Siriya ya aika gida a 1704. Sai Godolphin Arabian, wanda ya iso Ingila ta hanyar Faransa wajen 1729, kabarinsa na nan kusa da Cambridge. Aka haɗa su da goɗiyoyin Ingila, aka samu doki mai dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji. A zuriyar Darley aka haifi Eclipse a 1764, wanda ya yi tsere 18 ba a taɓa cin sa ba, kuma yau kusan kashi 95 cikin ɗari na dawakin tsere ta wannan reshe suka gangaro. A 1791 James Weatherby ya fara wallafa littafin salsalar dawaki, danginsa kuma har yanzu su ke riƙe da shi. Dokin da sunan iyayensa ba ya ciki, ba a lissafa shi cikin jinsin. Su kuma ba su yarda da ɗurin maniyyi ba, sai an kai goɗiya har gaban ingarma, abin da ya sa gonakin kiwo suka yi wa garin ƙawanya.

Manyan gasannin garin biyu, 2000 Guineas da aka fara a 1809 da 1000 Guineas ta 1814, sunan kuɗi suka ci. Dattawan da suka riski zamanin fam da sule za su gane lissafin: gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya. An daɗe da daina buga wannan kuɗi, amma a gidan gwanjon Tattersalls, wanda aka kafa a Landan a 1766 kafin ya tare a Newmarket, har gobe da gini ake kiran farashi. A bisa al'ada mai doki ya ɗauki fam, sulen ya zama la'adar dillali. Duƙushin da ba a taɓa ɗaura wa sirdi ba yakan haura gini miliyan ɗaya a wannan zaure, ba don komai ba sai sunan ubansa da uwarsa.

Waɗanda ke ɗauke da wahalar sana'ar ba su cika fitowa a hoto ba. A tsakiyar ƙarni na 19 Admiral Rous ya tsara ma'aunin nauyin da doki zai ɗauka gwargwadon shekarunsa, mahayi kuma dole ya matse jikinsa ya shiga cikin wannan lissafi, galibi shi da sirdinsa ƙasa da kilo 60. Fred Archer, wanda ya yi nasara sau 2,748 kuma ya riƙe kambin mahaya shekara 13 a jere, dogon mutum ne, don haka rayuwarsa ta ƙare tsakanin yunwa da maganin zawo da ɗakin turiri. A 1886, yana fama da zazzaɓi da baƙin cikin rasuwar matarsa, ya harbe kansa a gidansa na Newmarket yana da shekara 29. A 1975 masu kula da dawaki, waɗanda ke tashi tun duhu su share barga su fitar da doki kilisa, sun shiga yajin aiki a kan albashi, suka zauna a tsakiyar fili a makon Guineas. Mata kuwa sai da Florence Nagle ta kai ƙungiyar kotu a 1966 kafin aka fara ba su lasisin horar da dawaki da sunansu.

Duk inda Ingilishi suka kafa mulki sai sun shata filin sukuwa sun ɗora masa waɗannan dokoki. A irin wannan fili na Legas aka ɗaga tutar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, wurin da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Daga shekarun 1980 labarin ya sake juyowa gabas. Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum na Dubai ya sayi gonar kiwo ta Dalham Hall a 1981, daga baya ya kafa rundunar dawakinsa ya sa mata suna Godolphin, don tunawa da wancan ingarma. Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ya kafa tasa, Juddmonte. Jinin da aka ɗauko daga Larabawa shekara ɗari uku baya, ga jikokin masu shi sun dawo suna sayen sa da kuɗin mai. Akwai abin lura a nan: a filin tseren Dubai ba a buɗe rumfar caca, amma a Ingila tun 1961 wani kaso na ribar kamfanonin caca ne ke komawa cikin kyautar gasa da binciken lafiyar dawaki. Wanda addininsa ya hana shi caca zai iya shiga fili ya yi kallo ya fita bai taɓa ta ba, sai dai ya san da kuɗinta aka yi wa wurin fenti. Maguɗin ma bai mutu ba, kama ya sauya. A 2013 an samu maganin ƙara ƙarfi a jikin dawakin da Mahmood Al Zarooni ke horar wa Godolphin a Newmarket, aka dakatar da shi shekara takwas. Wannan karon ba Jockey Club ce ta yanke hukuncin ba, domin tun 2007 ikon ya koma hannun wata hukuma ta daban. Ƙungiyar ta rage da mallakar filaye.

Filayen tseren garin biyu ne, wata tsohuwar ganuwar ƙasa ta raba su, mai tsawon kamar kilomita 11, wadda aka tona fiye da shekara dubu da suka wuce. Rowley Mile na aiki da bazara da kaka, July Course kuma a tsakiyar zafi, inda aka riƙa yin gasar Derby, babban tseren da aka saba yi a Epsom, a lokutan yaƙin duniya biyu. Wanda ya tsaya a rumfar Rowley Mile, da farko ba abin da zai gani sai ɗigo-ɗigo can nesa, don miƙaƙƙiyar hanyar ta kai kilomita biyu. Kuma duk da ana ce masa shimfiɗaɗɗen fili, dab da ƙarshe ƙasa takan gangara cikin wani kwari sannan ta hau tudu zuwa iyaka. A wannan gangara ƙananan dawaki ke rikicewa, wanda ya ƙone ƙarfinsa da wuri kuma tudun ya cinye shi.

Shi ya sa masana suka riƙe baki a gasar 2000 Guineas ta 2011. Frankel, dokin Yarima Khalid da Henry Cecil ya horar, ya fita da gudu tun daga mafari kamar tseren rabin zango ne, kafin a kai tsakiya ya ba sauran rata mai nisa. Kowa na jiran tudun ya kama shi. Ya ɗan sassauta, amma ya ƙetare iyaka da tazarar tsawon doki shida. Ya yi tsere 14 ya cinye duka, aka sauke masa sirdi a ƙarshen 2012, Cecil kuma ya rasu a shekarar da ta biyo. Yanzu Frankel yana gonar Banstead Manor, 'yan kilomitoci daga garin, kuma a 2024 duk mai son a haɗa goɗiyarsa da shi sai ya ajiye fam 350,000.