Tunanin neman nasara a ilimin halayyar ɗan Adam

Tunanin neman nasara shi ne irin kallon da mutum ke yi wa iyawarsa da kurakuransa, wanda ke sa ya jure har ya kai ga burinsa. Masana halayya ba sa ɗaukarsa baiwar da ake haihuwa da ita. A wurinsu, yana ginuwa ne daga abin da mutum ya yarda da shi game da kansa, da kuma abin da ya saba yi kullum.

A 1977 masanin halayya Albert Bandura ya bayyana cewa yarda da iyawar kai tana tasiri a kan yawan ƙoƙarin mutum, kuma babban abin da ke ƙarfafa ta shi ne nasarar da ya taɓa samu da hannunsa, komai ƙanƙantarta. Carol Dweck ta Jami'ar Stanford kuwa ta raba tunani gida biyu: na mai ganin basira tsayayya ce, da na mai ganin tana ƙaruwa da koyo. A binciken da ta yi da Claudia Mueller a 1998, yaran da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun riƙa gudun aiki mai wuya, suna karaya da zarar sun faɗi, amma waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi dagewa.

Sai dai an cika zuzuta wannan batu. Binciken da David Yeager ya jagoranta a 2019, a kan ɗalibai sama da 12,000 a Amurka, ya nuna koyar da wannan tunani yana da amfani, amma kaɗan, kuma masu rauni a karatu ne suka fi cin moriyarsa. Gabriele Oettingen ma ta gano cewa yawan mafarkin nasara yana rage kuzari, domin zuciya kan ji kamar an riga an isa. Maganin da ta bayar shi ne, bayan mutum ya hango burin, ya faɗi ainihin abin da ke cikinsa da zai hana shi, ko kasala ce ko tsoro.

Nan ne tsari ke shigowa, kuma shi ne ya fi cancantar kulawa. Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika. Maimakon "zan riƙa karatu", sai a ce "idan na gama karin kumallo, zan karanta shafi biyar". Abin da aka jingina wa aikin dole ya zama yana faruwa kullum, shi kuma aikin ya yi sauƙin da za a iya yinsa ko a ranar gajiya.

Zancen cewa kwana 21 sun isa ɗabi'a ta kafu ba shi da tushe mai ƙarfi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bibiyi mutum 96, suka ƙiyasta ana ɗaukar kimanin kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Tsallake rana guda bai rusa ginin ba. Abin da zai iya rusa shi shi ne ɗaukar abubuwa da yawa lokaci ɗaya, ko mutum ya ɗauki fashin rana ɗaya a matsayin hujjar cewa ba zai iya ba, ya watsar gaba ɗaya.