Kayan Sautin Kwamfuta don Kiɗan Rakiya a Majami'a

Kiɗan rakiya shi ne kiɗan da aka riga aka naɗa, wanda ake kunnawa daga kwamfuta domin mawaƙa su ɗora muryoyinsu a kansa lokacin sujada. Ya fi amfani ga ikilisiyoyin da ba su da cikakkun makaɗa a kowace Lahadi. Kayan da ake buƙata su ne kwamfuta, da katin sauti na waje da ake jonawa ta USB, da wayoyin da ke kai sautin ga miksa (na'urar da ke haɗa sautuka tana daidaita su) da lasifikoki.

Kwamfutar ba sai mai tsada ba, domin kunna sauti aiki ne marar nauyi. Ya isa a kashe ƙarar saƙonni da tsarin da ke sa ta barci, a kuma adana kiɗan a tsarin WAV mai kilohaz 44.1 ko 48, wanda ba ya zubar da komai daga sautin kamar yadda MP3 ke yi.

Katin sauti ne inda zaɓi ya fi muhimmanci, kuma abin dubawa shi ne yawan ƙofofin fitar sauti, ba na shigarsa ba, ko da yake masu saye sukan rikita su. Dalili shi ne kiɗan rakiya yakan zo da wani layi na daban mai ƙwanƙwasar awon lokaci, wanda mai ganga da jagoran waƙa kaɗai ke ji ta abin kunne, jama'a kuwa bai kamata su ji shi ba. Da kati mai ƙofofi 2, kamar Focusrite Scarlett 2i2, dole a tattara kiɗan a gefe ɗaya, ƙwanƙwasar a ɗayan. Mai ƙofofi 4, kamar Scarlett 4i4 ko Behringer UMC404HD, yana barin kiɗan ya fita hagu da dama, ƙwanƙwasar ta samu tata ƙofa. Manhajoji irin su Ableton Live ne ke rarraba layukan ga kowace ƙofa.

Idan miksa tana nesa da kwamfuta, a yi amfani da wayar XLR ko makamanciyarta mai jijiya uku, wadda ba ta kwasar hayaniya a hanya. Gunjin da ake yawan ji idan an jona caja yakan samo asali ne daga bambancin layin ƙasa (wayar kariya da ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa) tsakanin na'urori, kuma yana bin bugun wutar Najeriya na haz 50. Maganinsa akwatin DI ne, ƙaramar na'urar da ake sawa tsakanin katin sauti da miksa, mai maɓallin raba layin ƙasa. Cire ƙafar ƙasa daga filogi kuwa ganganci ne da ke iya sa wuta ta ja mai riƙe da makirufo.

A wuri mai zafi kamar Sakkwato, yanayi ma yana shiga lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka kwamfuta na buƙatar wuri mai iska, nesa da hasken taga, ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙofofin jonawa idan an bar kaya a buɗe. Katin da ke shan wuta daga kwamfutar tafi-da-gidanka ba ya mutuwa idan aka ɗauke wuta ko ana sauyawa zuwa janareta, amma miksa da lasifikoki suna buƙatar inbata. A kan kunna lasifikoki daga ƙarshe, a kuma fara kashe su, domin kare su daga bugun wuta.