Waiwaye: Yadda fina-finai ke nuna soyayyar matan da suka sauya jinsi

A ƙarshen 1952 jaridun Amurka suka cika da labarin Christine Jorgensen, wadda ta yi aikin soja tana namiji, daga baya aka yi mata tiyatar sauya jinsi a Denmak. Ƙananan masu shirya fim sun hango kasuwa nan take, har Ed Wood ya fitar da Glen or Glenda a 1953. Manyan kamfanonin Hollywood kuwa hannunsu a ɗaure yake. Dokar tace fina-finai ta Hays, wadda aka fara aiki da ita sosai a 1934 kuma ba a jingine ta ba sai 1968, ta haramta duk abin da ta ɗauka karkatacciyar sha'awa. Don haka wanda aka haifa namiji ya fito a siffar mace ƙofa biyu kawai gare shi ta shiga fim: ko ya ba da dariya, ko ya ba da tsoro. Maganar soyayya ba ta taso ba. Ita kanta Jorgensen, da ta nemi takardar aure a New York a 1959, hana ta aka yi saboda takardar haihuwarta namiji ta nuna.

Ƙofar tsoro ita ta fi daɗewa a buɗe. Psycho na 1960, Dressed to Kill na 1980 da The Silence of the Lambs na 1991 duk makashinsu namiji ne da ke shiga siffar mace. A na 1980 an ɗaura kisan kai tsaye a kan sha'awa: makashin likita ne, duk lokacin da ya ji mace ta ja hankalinsa, sai ɗaya ɓangaren nasa ya ɗauki aska. A na 1991 marubutan sun sa wa Hannibal Lecter, ɗaya daga cikin taurarin labarin, magana a baki cewa makashin ba mai sauya jinsi ba ne na gaskiya, amma magana ɗaya ba ta isa ta goge hoton da ido ya gani ba, musamman a fim ɗin da ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar biyar.

Akwai wanda ya fita daban tun da wuri. Dog Day Afternoon na 1975 ya samo labarinsa daga fashin banki da aka yi a Brooklyn a watan Agustan 1972, inda ɗan fashin ke neman kuɗin tiyatar sauya jinsin masoyiyarsa. Hirar wayar da Al Pacino (ɗan fashin) da Chris Sarandon (masoyiyar) suka yi a fim ɗin hira ce ta mutum biyu da suka gaji da juna amma suka kasa rabuwa, ba dariya, ba firgici. An daɗe ba a sake ganin irinta ba.

Fim ɗin da ya kafa tsarin da aka yi ta kwafa shi ne The Crying Game na Neil Jordan, 1992. Fergus, ɗan ƙungiyar IRA mai yaƙi da mulkin Birtaniya a Arewacin Ireland, ya je Landan neman Dil, budurwar sojan Birtaniya da ya mutu bayan sun yi garkuwa da shi, sai ya faɗa sonta. Yadda aka gina fallasar ya cancanci a duba shi daki-daki. An ɗauko Jaye Davidson, wanda bai taɓa fitowa a fim ba, don kada mai kallo ya san komai game da shi. An ɓoye wa mai kallo duk abin da aka ɓoye wa Fergus har fim ya yi nisa. Da aka zo ɗakin kwana, kyamara ta zama idon Fergus, ta gangaro daga fuskar Dil zuwa ƙasa, aka ga ashe namiji aka haife ta. Fergus ya ture Dil da hannu har ta faɗi, ya ruga banɗaki yana amai, kyamara kuma ta bi shi. Dil tana cewa ta ɗauka ya sani tun farko, amma hankalin mai kallo ya riga ya tafi banɗaki. Kamfanin Miramax ya mai da wannan sirri jarin talla a Amurka, yana roƙon jama'a kada su faɗa wa wanda bai kalla ba. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni shida, ya ci na rubutun labari.

Illar wannan gini a fili take. Tun da mai kallo bai san komai ba sai abin da namijin ya sani, firgicin namijin ya zama nasa, macen kuma ta fito a mayaudariya ko da labarin bai ce ta yi ƙarya ba. A yi wa fim ɗin adalci: Fergus ya dawo, ya ɗauki laifin kisan da Dil ta yi, ya tafi gidan yari a madadinta, tana kai masa ziyara. Masu kwaikwayo ba su ɗauki wannan rabin ba, aman suka ɗauka. A Ace Ventura: Pet Detective na 1994, da jarumin da Jim Carrey ya fito a matsayinsa ya gane wadda ya sumbata namiji aka haife ta, sai ya yi amai, ya matse man goge baki a bakinsa, ya ƙona kayan jikinsa, ya shiga wanka yana kuka, waƙar The Crying Game na tashi a bayansa. Fim ne na barkwanci da yara da yawa suka kalla.

Irin wannan labari ya leƙa kotu ma. A Oktoban 2002 wasu samari suka kashe Gwen Araujo, 'yar shekara 17, a garin Newark na jihar Kalifoniya, lauyoyinsu kuma suka kafa hujja da cewa gano jinsin haihuwarta ne ya gusar da hankalinsu. Ba wanda zai ce fim ne ya yi kisan, sai dai hujjar da labarin fim ɗin zubinsu ɗaya. A 2014 Kalifoniya ta zama jiha ta farko a Amurka da ta hana amfani da wannan hujja don rage laifin kisa.

Daga shekarun 2000 salo ya koma na tausayi, shi ma da nasa cikas. Soyayyar kan ƙare a makabarta, labarin kuma kan zama na abokin zaman. The Danish Girl na 2015 ya nuna Gerda tana gefen Lili Elbe, wadda mijinta ce kafin ta sauya jinsi, har ran Lili ya fita. A tarihi, an warware aurensu a 1930, Gerda ta auri wani hafsan sojan Italiya, Lili kuma tana da wani Bafaranshe da take fatan aura kafin ta rasu a Dresden a 1931 bayan tiyata. Wato soyayyar da Lili ta yi a matsayinta na mace ita ce fim ɗin ya ajiye gefe. Alicia Vikander, wadda ta fito a Gerda, ita ta ci Oscar.

Sai batun wa za a ba rawar. Chris Sarandon, Jared Leto a Dallas Buyers Club na 2013, da Eddie Redmayne da ya fito a Lili Elbe duk maza ne. Leto ya karɓi Oscar ɗinsa a 2014 da gemu a fuska. Masu suka, ciki har da waɗanda suka yi magana a fim ɗin bincike na Disclosure da Netflix ta saki a 2020, sun ce wannan na koya wa mai kallo cewa in an wanke kwalliyar namiji ne a ƙasa, tunanin da ke sa saurayin irin wannan mace ya ɓoye ta. Redmayne da bakinsa ya ce a 2021 karɓar rawar kuskure ne.

Canjin gaske daga ƙananan fina-finai ya zo, dabararsu kuma mai sauƙi ce: a sanar da mai kallo tun mintunan farko, a ba macen kyamara ta bi ta. Tangerine na Sean Baker, 2015, da wayoyin iPhone 5s uku aka ɗauke shi a titunan Los Angeles. Sin-Dee ta fito daga tsare ta ji saurayinta ya ci amanarta, ta bazama neman kishiyar. Kishi ne irin na kowa. Una mujer fantástica na Sebastián Lelio daga Chile, 2017, ya fi zurfi. Orlando ya san Marina sarai, suna zaune tare, ya mutu a daren bikin ranar haihuwarta. Daga nan matsala ta bar jikinta ta koma kan takardu da dangi: katin shaidarta na ɗauke da tsohon suna, 'yar sanda ta sa an tuɓe ta an ɗauki hoto, tsohuwar matarsa ta karɓe mota, ɗansa ya nemi gidan ya tafi da karen, aka hana ta zuwa jana'iza. Daniela Vega, wadda ita ma ta sauya jinsi, ita ta yi rawar. Fim ɗin ya ci Oscar na harshen waje a Maris ɗin 2018, kafin ƙarshen shekarar kuma Chile ta sa hannu a dokar da ta ba da damar sauya suna da jinsi a takardun hukuma.

Tsohon zubin bai mutu ba. Chandigarh Kare Aashiqui na Indiya, 2021, ya maimaita shi kusan taku-taku: Ayushmann Khurrana ya so Vaani Kapoor, ya ji gaskiya, ya yi ƙyama, ya je ya yi bincike, ya dawo. Ƙarshen mai daɗi ne, amma tafiyar ta namijin ce. Joyland na Saim Sadiq daga Pakistan, 2022, ya juya lamarin. Haider, magidanci a Lahore, ya san ko wace ce Biba tun ranar da ya fara rawa a bayanta a gidan wasa, kuma ita ce ta kore shi da ta fahimci ba a matsayin mace yake sha'awarta ba. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a rukunin Un Certain Regard na bikin Cannes. A Nuwamban shekarar gwamnatin Pakistan ta janye izinin nuna shi, ta maido bayan an yanke wasu wurare, amma lardin Punjab, inda Lahore take, ya ci gaba da hana shi.