Sarrafa fatun dawa a dukancin Tawa da Yamai

Fatun dawa su ne na kada, mesa, damo, guza da jimina, saɓanin fatun gida irin na akuya, tunkiya, saniya da raƙumi. Dukawan Nijar na amfani da su wajen jaka, takalmi, ɗamara, kube da alabe. Galibi ado ne kawai suke bayarwa. Siffar kayan da ƙarfinsa daga fatar gidan da ke ƙarƙashi suke fitowa.

Tarihi

Ɗora jiƙaƙƙiyar fata a kan wani abu don ta ɗauki siffarsa tsohuwar dabara ce a Adar da Azbin, kuma da fatar gida aka san ta. Batta da tandu su ne shaida. Ana gina siffar da yumɓu a bar ta ta bushe, a jiƙa ɗanyar fata a kankare ta har ta yi shara-shara, sannan a riƙa liƙa ta a jikin yumɓun, falle bisa falle. In ta sha rana ta ƙame, sai a farfasa yumɓun a zazzage shi ta baki. Abin da ya saura ba nauyi, ba ɗinki ko ɗaya. Tandu na kwalli ne da mai, batta kuwa ta taba ce da turare da ƴan kayan mata. A Agadas da Ingal akan zana batta da siraran zaren kakin zuma kafin a rina ta ja. In aka ɓamɓare kakin sai zanen ya fito fari.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya sauka Agadas a 1850, ya tarar mata ne ke riƙe da yawancin aikin fata a garin. Jakunkuna da ɗamarun fatar kada da mesa na yayi kuwa ana kyautata zaton sun yawaita ne a zamanin mulkin mallakar Faransa, da Turawa suka zama masu saye. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ba masu sana'ar hannu rumfuna, har da dukawa.

Jima

Fatar da aka jeme da bagaruwa ita ke karɓar siffa: ta sha ruwa ta yi laushi, ta bushe ta tsaya yadda aka bar ta. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta ba ta riƙe lanƙwasa. Majemar Gamkale da ke bakin kogin Kwara tana cikin sanannun wuraren jima a Yamai.

Halin kowace fata

Ta kada iri biyu ce a jiki ɗaya. Cikin yana da laushi, shi ake nema. Bayan kuwa akwai ƙashi a ƙarƙashin ɓawonsa, yana dakushe wuƙa, kuma ba ya lanƙwasuwa sai ta tsakanin layukan ɓawon. Shi ya sa baduku kan auna inda murfin jaka zai karye ya faɗa daidai kan layi.

Ta mesa siririya ce ƙwarai. Ana manna ta a kan fatar akuya da aka riga aka ba siffa, a shafa da tafin hannu daga wajen kai zuwa wutsiya, don in aka bi ta baya ɓawon tashi yake. Ruwa kaɗan take so, a inuwa kuma ake shanya ta.

Ta jimina darajarta na ga ƙurajen gurbin gashi, waɗanda matsi mai yawa ke bajewa. Damo da guza sai ƙananan kaya.

Doka

Nijar ta shiga CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun dawa da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, a 1975, kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ce ta tsara farauta da kare namun dawa. Jiminar ƙasar tana cikin rukunin da aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ana kiwon ragowarta a Kelle cikin jihar Damagaram. Dukawa na kukan rasa masu saye, masu kare namun dawa na cewa sa ido bai isa ba.

Yau

A kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata da ke Yamai da rumfunan Tawa fatar akuya da ta saniya suka fi yawa.