Waiwaye: gwarazan da muke yabo, halinsu ne halinmu?

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, in ka leƙa Facebook hotonsu ne ko'ina, ana ta Allah ya jiƙan maza, ana cewa irinmu ke nan 'yan Arewa, gaskiya da riƙon amana. In 17 ga Afrilu ta zo kuma a koma kan Malam Aminu Kano, don a ranar ya rasu. To nan fa gardama ke tashi, wasu su ce ai al'ummar da ta haifi waɗannan ba za a kira ta lalatacciya ba, wasu su ce ku dena ɓuya a bayan matattu, ku dubi wanda kuke tafa wa yau. Gardamar nan ba yau aka fara ta ba, ta girmi Nijeriyar ma kanta.

A koma can baya zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kowa ya san hijirar Gudu a 1804, kowa ya san a littafinsa Kitabul Farƙ Shehu ya zayyano zaluncin sarakunan lokacin, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a saurare ka, da jangali, da kuɗin gari, da ƙwace kayan talaka. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne tun jihadin bai ƙare ba, ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu ya gaji da halin wasu daga cikin mutanensu har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Ya faɗa da kansa a littafinsa Tazyinul Waraƙat cewa ya ga mutane sun koma neman mulki da dawakai da tufafi da ƙwaraƙwarai, sun bar abin da aka fito dominsa. Mutanen Kano ne suka tsare shi suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya rubuta, sannan ya koma gida. Ka ga ke nan tun Shehu na raye, tsakanin gwarzon da jama'ar da ke rantsuwa da sunansa akwai tazara, kuma wanda ya fara nuna tazarar ɗan gida ne ba maƙiyi ba.

Da Turawa suka zo sai alƙalamin rubuta sunan gwarzo ya canza hannu. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi miƙa wuya, ya yi gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a 1903. Bayan shekara uku talakawa da bayi da malaman ƙauye suka yi bore a Satiru kusa da Sakkwato, 1906, aka murƙushe su aka rushe garin, kuma da hannun masu sarautar da Bature ya naɗa. A ɓangaren Nijar kuma ga Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899. Yaro nawa ne a firamare zai gaya maka labarin Satiru? Wanda ya ci yaƙi shi ke raɗa wa titi suna, shi ya sa in ka ce za ka gane halin mutane daga sunayen tituna to halin masu mulkinsu kawai za ka gano.

Talaka kuwa yana da nasa gwarazan da babu ruwansu da gwamnati. Sarkin noma da ke cika rumbuna, maharbi, ɗan kokawa, ɗan dambe irin su Shago da Ɗan Anace ya kai sunansa ko'ina, malamin zaure da ke karantarwa don Allah, ungozomar da duk unguwa ta hannunta aka fito. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo na wasa sarakuna, amma Shata ya yi wa direbobi waƙa, Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota. A wannan jerin kam za ka iya karanta abin da Bahaushe ke girmamawa, juriya, ƙwazo, kyauta, kunya, da mutum ya ci guminsa.

Inda na fi so a tsaya a duba da kyau shi ne zamanin siyasar farko, don a nan ne muka fi yaudarar kanmu. Shiga shagon tela ko na mai gyaran rediyo a Kano ko Zariya, za ka tarar da hoton Sardauna da na Malam Aminu manne a bango guda, kafaɗa da kafaɗa kamar tare suka yi tafiya. Alhali jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta taso ne don yaƙar tsarin da NPC ta su Sardauna ke karewa. 'Yan NEPU sun sha bulala a kotunan alƙalai, sun sha ɗauri a gidajen yarin En'e, an kori wasu daga garuruwansu, an sa 'yan banga sun dake su, wasu ma an raba su da matansu wai sun fita daga ɗa'a. Kuma ba Bature ba ne ya riƙe bulalar, mu ne, kakanninmu ne suka tsaya suna kallo wasu na guɗa. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta, an kore ta daga Kano, laifinta ta ce mace ta yi karatu ta yi zaɓe kuma a dena aurar da yara ƙanana, matan Arewa kuwa ba su samu ƙuri'a ba sai a 1976. Yau ga asibiti da sunanta a Zariya. Malam Aminu shi kansa ya sha faɗuwa zaɓe a garinsu, ya nemi shugaban ƙasa a 1979 ƙarƙashin PRP bai samu ba, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja da ake kira Mambayya, wanda duk wanda ya shiga ya ga iyakar abin da ya tara. Bayan ransa filin jirgi ya ci sunansa, asibitin koyarwa ya ci sunansa, kuma kusan kowane ɗan siyasar Kano da kowace irin hula yana cewa shi ne magajinsa.

Sardauna ma haka. Ana ta lissafa Jami'ar Ahmadu Bello da ya kafa a 1962, da gidan rediyon Kaduna, da Bankin Arewa, da masaƙun Kakuri, ana cewa bai bar dukiya ba. Gaskiya ne ya yi aiki, amma masaƙun nan a hannun masu yabonsa suka mutu, bankin nan a hannunsu ya narke. Wallahi abin na ci min rai, a yabi mutum da riƙon amana sannan a cinye amanar da ya bari.

Daga shekarun 1970 kuɗin fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, kwangila ta zama sana'ar da ta fi noma, sai ma'aunin ya fara juyawa. Da can in yaro ya zo da abin da ya fi ƙarfinsa uba zai tsare shi da tambaya ina ka samo, yanzu kuwa an fi jin Allah ya ƙara buɗi. Aka shiga ba masu kuɗi sarauta da digirin girmamawa, mawaƙi kuma ya bi wanda zai ba shi mota. A daidai lokacin ne kuma gwamnati ta fara sa fuskar gwaraza a kuɗi, Murtala a naira 20 a 1977 shekara guda bayan kashe shi, Tafawa Ɓalewa a naira 5 a 1979, Sardauna sai a 2000 a naira 200, daga baya aka sa Ladi Kwali maginiyar tukwane a bayan naira 20. Je gidan biki ka tsaya kusa da fili lokacin da mawaƙi ya kama sunan wani alhaji da kowa a wurin ya san ta inda kuɗinsa suka fito, ka ga yadda ake yayyafa sabbin ɗari bibbiyu a goshi suna zuba ƙasa ana taka fuskar Gamji da takalmi, yara na rarrafe suna tsinta. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta liƙin ma, amma wa ya fasa.

Sai batun Abacha wanda shi ne ya fi raba kan mutane. Filin wasa a Ƙofar Mata na ɗauke da sunansa, a 2014 gwamnatin Jonathan ta ba shi lambar yabo ta cikar Nijeriya shekara 100, alhali ana ta dawo da kuɗin da aka ce an kwashe a mulkinsa, sama da dala miliyan 300 daga Suwizalan, wasu sama da miliyan 300 kuma daga tsibirin Jersey a 2020. Ni ban yarda cewa masu son sa sata suke so ba. Yi hira da su za ka ji suna maganar farashin mai da hanyoyi da magungunan asusun rarar mai na PTF, mutumin da aka daɗe ana cuta duk wanda ya rage masa zafi ko yaya ne zai riƙe shi. Amma dai wannan ma hali ne, mun sauko daga neman shugaban da ba ya taɓa baitulmali zuwa neman wanda in ya ci zai ɗan sammana, kuma gara mu faɗa wa kanmu haka.

Yanzu da waya ta shiga hannun kowa gwarzo ya zama wanda ya fi folowas, 'yan fim, mawaƙan siyasa, 'yan TikTok, malamin da ya fi iya raddi. Ba na zagin yaran nan, abin da suka ga ana sakawa a kai shi suke bi. Kuma ba wai na kirki sun ƙare ba ne. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallaci da gidansa lokacin da aka kawo musu hari, ya fito ya tsaya gaban maharan ya ƙi buɗe ƙofa. Amurka ta karrama shi a 2019, lambar ƙasa ta Nijeriya kuwa sai a 2022. Wannan ma mu muka haife shi, kamar yadda muka haifi waɗanda suka zo kisan.

Shi ya sa ni a ganina hoton da ke bango yana nuna abin da muka san shi ne daidai ne kawai, kuma sanin ma ba ƙaramin abu ba ne tunda har yau ba mu cire Malam Aminu mun manna hoton ɗan kwangila ba. Halin namu kuwa yana wurin abin da muka yi musu suna raye. An cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a ce a dawo da shi, to in za a koyar don Allah kar a tsaya kan an haife shi a shekara kaza ya rasu a shekara kaza. A gaya wa yara wa ya ɗaure Gambo Sawaba kuma da wace tuhuma, a karanta musu ƙorafin Abdullahin Gwandu, a sa Satiru a cikin manhaja.