NTA Sakkwato

NTA Sakkwato gidan talabijin ne mallakar Gwamnatin Tarayya da ke birnin Sakkwato, a arewa maso yammacin Najeriya. Yana cikin tashoshi 10 da Hukumar Talabijin ta Najeriya, wato NTA, ta gada lokacin da aka kafa ta a 1977, kuma a yau yana ɗaya daga cikin cibiyoyin shiyya da ke tattara labarai su aika wa hedikwatar hukumar a Abuja. Yana gabatar da shirye-shirye da Hausa da Turanci. A shekarunsa na farko da sunan NTV Sakkwato aka san shi.

Asali

Talabijin ta kai kimanin shekara 16 a Najeriya kafin ta iso Sakkwato. Ibadan ce ta fara buɗe tasha ranar 31 ga Oktoban 1959, Inugu ta biyo baya a 1960, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ko da yake Firimiyan ɗan Rabah ne, hoton tashar Kaduna bai kai ƙasar haihuwarsa ba, domin zangon da talabijin ke tafiya a kai ba ya cin dogon nisa irin na rediyo mai gajeren zango. Saboda haka mutanen Sakkwato da Gwandu da Argungu da Zamfara suka ci gaba da dogara ga Rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC, sai kuma majigin da ma'aikatar yaɗa labarai ke zagayawa da shi ƙauyuka.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. Na farko shi ne ƙirƙiro jihohi 12 da Janar Yakubu Gowon ya yi a watan Mayun 1967, wanda ya mayar da Sakkwato babban birnin Jihar Arewa maso Yamma. Na biyu kuwa kuɗin mai ne, da suka kwararo bayan tashin farashinsa a 1973. Kowace jiha ta so a ga fuskarta a akwati: Benin ta buɗe tasha a 1973, Jos a 1974, Kano da Fatakwal ma suka shiga sahu. Ga dukkan alamu an faro shirin tashar Sakkwato ne a ƙarshen mulkin Gwamna Usman Faruk, amma juyin mulkin watan Yulin 1975 ya riga buɗe ta, don haka a zamanin magajinsa, Umaru Mohammed, aka fara watsa shirye-shirye. Galibi ana sanya farawar a ƙarshen 1975, wasu kuma daga 1976 suke ƙirgawa.

Jihar da aka gina wa tashar ba ta daɗe ba. A watan Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya raba ta gida biyu, aka sami Jihar Sakkwato da Jihar Neja.

Komawa hannun Tarayya

Tashar ba ta gama zama da gindinta ba sai gwamnatin soja ta karɓe dukkan gidajen talabijin na ƙasar. Doka ta 24 ta 1977 ce ta kafa NTA, aka mayar da fara aikinta baya zuwa watan Afrilun 1976, aka kuma naɗa Injiniya Vincent Maduka babban darakta na farko. Hujjar gwamnati ita ce haɗin kan ƙasa bayan yaƙin basasa, da kuma buƙatar a nuna manyan bukukuwa irin FESTAC na 1977 ga kowa a lokaci guda. An kasa ƙasar shiyya shida, Sakkwato ta zama mazaunin ɗaya daga ciki.

Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci akasin haka aka yi wa rediyo: da aka sake fasalin rediyon tarayya a 1978, sai aka miƙa wa jihohi tashoshin da ke cikinsu. Wannan ya sa Rima Rediyo ya zama bakin gwamnatin jiha, talabijin kuma umarni daga Legas, inda hedikwatar NTA take a lokacin, take karɓa.

Tsarin mulkin 1979 ya sake bai wa jihohi damar mallakar talabijin. Jihohin da 'yan adawa ke mulki ne suka fi yin rububin amfani da damar, domin suna zargin NTA da zama 'yar amshin shatar jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya. Legas ta kafa tata, Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya kafa CTV a Kano. Sakkwato ba ta bi wannan hanya ba a lokacin. Jihar Shugaba Shehu Shagari ce, kuma gwamnoninta biyu na Jamhuriya ta Biyu, Shehu Kangiwa da Garba Nadama, duk 'yan NPN ne, saboda haka babu wani saɓani da zai sa a nemi wata kafa. Tashar ta daɗe ita kaɗai a fage, kafin daga baya gwamnatin jiha ta kafa Rima Talabijin.

Kallo a shekarun farko

Ba a wuni ana watsa shirye-shirye. Sai bayan la'asar ake buɗe tasha da taken ƙasa, a rufe kafin tsakar dare ko jim kaɗan bayanta. Akwatunan marasa launi ne, wasu da ƙofar katako da ake ja a kulle, kuma a gidajen manyan ma'aikata da 'yan kasuwa aka fi samun su. Unguwa guda kan taru a gida guda. Da magariba ta wuce maigida ya sa a fito da akwatin tsakar gida ko ƙofar zaure, yara su zauna a ƙasa gaba-gaba, manya su shimfiɗa tabarma daga baya. Idan hoto ya fara yayyafi, sai a tura wani yaro ya kama sandar eriya yana juyawa, na ciki suna ta kiran "ƙara kaɗan" har ya daidaita. Inda wutar NEPA ba ta kai ba da batirin mota ake amfani. A ƙauyuka kuma gwamnatocin jihohin Arewa sun gwada buɗe wuraren kallo na jama'a, masu aiki da janareta, waɗanda yawancinsu suka mutu saboda rashin gyara.

Wasan kwaikwayo

Abin da ya fara fitar da sunan tashar waje ba labarai ba ne, wasan kwaikwayo ne. Peter Igho, wanda aka haifa a Jos, yana cikin ma'aikatan farko da aka ɗauka, kuma a Sakkwato ya shirya wasan Moment of Truth a ƙarshen shekarun 1970. Wasan ya yi nasara a gasar tashoshin NTA, sannan ya ciyo lambar yabo a gasar ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Afirka. Wannan nasara ce ta sa aka damƙa masa shirya Cock Crow at Dawn a 1980, wasan da aka ɗauka a yankin Jos don kwaɗaitar da mutane noma. A ɓangaren Hausa kuwa, Idon Matambayi shi ne wasan da ake yawan ambata da sunan tashar, kuma ana jera shi cikin wasannin talabijin da suka share wa finafinan Hausa na bidiyo hanya.

Sashen labarai

Aikin labarai a tashar hawa biyu ne tun daga farko. Akwai labaran gida, da Turanci da Hausa, waɗanda ake haɗawa a karanta a Sakkwato. Akwai kuma labaran ƙasa na ƙarfe 9 na dare, da duk tashoshin NTA ke haɗuwa su ɗauko daga hedikwata, a da Legas, yanzu Abuja. An fara wannan haɗaka ne a 1976, bayan gwamnati ta samar da hanyar tauraron ɗan'adam ta cikin gida. Burin kowane wakili shi ne rahotonsa ya shiga na ƙarfe 9, domin a nan ne ƙasa duka ke ganinsa, kuma 'yan mintocin ana takararsu ne da sauran jihohi.

Tsarin ɗakin labarai bai bambanta da na sauran tashoshin hukumar ba. Manajan labarai da al'amuran yau da kullum ne a sama, sai editoci, sai wakilai da masu ɗaukar hoto. Ana raba wakilai bisa wuraren da labari ya saba fitowa: Gidan Gwamnati, Majalisar Dokoki, fadar Sarkin Musulmi, kotuna, rundunar 'yan sanda, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ita ma a 1975 aka kafa ta. Da safe ake raba aiki, kuma yawan kyamarori da motocin da ke da lafiya a ranar shi ke yanke adadin wuraren da za a je. Akasari da Turanci ake rubuta rahoto, sannan a miƙa wa masu fassara. Masu karanta labarai da daidaitacciyar Hausa suke yi, amma manomin Wurno ko ɗan kasuwar Illela da aka miƙa wa makirufo da Sakkwatancinsa yake magana, kuma haka ake saka muryarsa.

Kayan aiki sun sauya sau da dama. An fara da fim mai faɗin milimita 16, wanda sai an wanke shi kafin a ga abin da aka ɗauko, aka koma kaset na U-matic, sannan Betacam, har aka zo zamanin kwamfuta da ake tura rahoto ta intanet. A da, labarin da aka ɗauko daga nesa, kamar bikin kamun kifi na Argungu ko aikin madatsar ruwa ta Bakolori, sai mota ta dawo da shi gari, wani lokaci ya kwana kafin a nuna. Faɗin ƙasar da tashar ke kula da ita ya ragu bayan cire Jihar Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, inda daga baya Birnin Kebbi da Gusau suka sami nasu tashoshin NTA.

Fada da ganin wata

Abin da ya bambanta wannan ɗakin labarai da takwarorinsa shi ne fadar Sarkin Musulmi. Sarkin shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Najeriya, kuma daga bakinsa ake jiran sanarwar fara azumi da ranakun Sallah. A daren 29 ga Sha'aban, da kuma na 29 ga Ramadan, 'yan jarida kan kafa kyamarorinsu a fada tun bayan magariba, su zauna jira yayin da kwamitin ganin wata ke tantance rahotannin da sarakuna da malamai ke aikowa daga sassan ƙasar. Wani lokaci sanarwar kan fito da wuri, wani lokaci sai dare ya yi nisa, mutane na riƙe da rediyo ko sun zuba wa akwati ido don su san ko za a tashi sahur. A irin wannan dare Sakkwato ce kan gaba a labaran ƙasa.

Sauye-sauyen sarautar ma sun sha kai birnin cikin manyan labarai: rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a watan Nuwamban 1988 bayan shekara 50 a kan karaga, tarzomar da ta biyo bayan naɗa Ibrahim Dasuki, tuɓe shi a 1996, da rasuwar Muhammadu Maccido a haɗarin jirgin sama ranar 29 ga Oktoban 2006, wadda bayanta aka naɗa Muhammadu Sa'ad Abubakar. A watan azumi kuma tafsiri ne ke cin kaso mai yawa na lokacin tashar, galibi da ɗaukar nauyin gwamnati ko masu hannu da shuni.

Suka

Sukar da ake yi wa NTA baki ɗaya ta shafi wannan tasha: ana cewa labaranta sun fi karkata ga gwamnati mai ci, kuma taron manya ya fi kukan talaka samun wuri. Tun ƙarshen shekarun 1980, da aka umarci hukumar ta riƙa nemo wani ɓangare na kuɗin shigarta, aka shigo da tsarin biyan kuɗi kafin a ɗauki wasu taruka. Masu suka na ganin hakan ya gauraya labari da talla, masu kare tsarin kuma na kafa hujja da ƙarancin kuɗin gudanarwa.

Halin yanzu

Doka ta 38 ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar gidajen rediyo da talabijin. A yau tashar na gogayya da Rima Talabijin, da tashoshin tauraron ɗan'adam masu shirye-shiryen Hausa irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma Facebook da WhatsApp, inda labari kan bazu tun kafin lokacin karanta shi ya yi.