Waiwaye: Randy Weston, makaɗin jaz da ya ɗauki fiyano a matsayin ganga

An haifi Randy Weston a unguwar Brooklyn ta birnin New York ranar 6 ga Afrilu 1926, kuma a nan ya rasu ranar 1 ga Satumba 2018. Mahaifinsa mabiyin aƙidar Marcus Garvey ne, ɗan gwagwarmayar haɗa kan baƙar fata; tun yaron yana ƙarami yake nanata masa cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka. Wannan magana ita ta ja ragamar kiɗansa har ƙarshen rayuwarsa.

Fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Yawancin makaɗan jaz na zamaninsa hannun dama suke bai wa aiki, hagu na rakiya kawai. Weston, dogon mutum mai kusan mita 2 da faffaɗan tafi, sai ya koma can ƙarshen hagu inda sauti ya fi kauri, yana maimaita gajeren zubi kamar mai riƙe da uwar ganga, dama kuma na amsawa da wani bugu dabam: uku a nan, biyu a can, a cikin lokaci guda. Wahalar a nan take. Ƙananan sautuka saurin cakuɗewa suke yi; in makaɗi ya danne fedar da ke tsawaita amo bai ɗaga ƙafa ba, bugun sai ya koma gurnani, ba a jin inda ya fara. Dole yatsa ya sauka da nauyi ya tashi da wuri. Wata matsalar kuma, kirtanin fiyano a ɗaure yake, ba a lanƙwasa sautinsa yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Dabarar da ake bi ita ce buga maɓallai biyu maƙwabta lokaci guda, kunne ya ji kamar akwai wani sauti a tsakaninsu. Thelonious Monk, wani gwanin fiyano na jaz, ya shahara da wannan, kuma a gidansa Weston ya sha zama yana saurare.

A 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai, ya naɗi faifan Uhuru Afrika. Marubucin waƙa Langston Hughes ya rubuta baitocin, mai busa Melba Liston ta tsara wa kowane mai busa nasa kason. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan. A 1961 ya taka Legas karon farko cikin tawagar da ta haɗa da mawaƙiya Nina Simone da makaɗi Lionel Hampton, ya dawo a 1963, ya yi hulɗa da makaɗin Najeriya Bobby Benson, sannan ya sake zuwa bikin al'adun Afirka na FESTAC a 1977.

Amma Maroko ce ta riƙe shi. Rangadin ƙasashen Afirka da ya yi a 1967 a can ya ƙare, sai ya tare, daga bisani ya buɗe gidan kiɗa mai suna African Rhythms a Tanja. Nan ya haɗu da makaɗan Gnawa, jikokin bayin da aka tsallako Sahara da su, ta hannun malaminsu Abdellah El Gourd. Kayansu gimbiri ne mai tsarkiya uku, ɗan'uwan garaya da molo, da ƙarafa masu kacau-kacau a hannu. Suna kwana suna kiɗa, kowane iska da launinsa da turarensa da takensa. Wanda ya san bori ba sai an yi masa dogon bayani ba, balle ma ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa a waƙoƙinsu. Kaurin sautin gimbiri kuwa daidai yake da abin da hannunsa na hagu ya daɗe yana nema.

Harkar kuɗi dai ba ta yi masa kyau ba. Bikin kiɗan da ya shirya a Tanja a 1972 ya bar shi da bashi, gidan kiɗan ya rufe. Abin da ya cece shi faifan Blue Moses ne, wanda ya gina kan taken Sidi Musa na Gnawa. Kamfanin faifai na CTI ya sa shi kaɗa fiyanon lantarki, abin da bai so ba, ga shi kuma faifan ne ya fi duk nasa kasuwa, da shi ya biya bashin. A 2001 hukumar fasaha ta ƙasar Amurka ta ba shi lambar gwanin jaz, kuma bai daina hawa dandamali ba har shekarar da ya rasu yana da shekara 92.